Kundin aikin harsashi a kan kufan Rumawa, tsakiyar birnin Landan

Litinin, 3 ga Maris, 2025

Yau aka miƙa mana filin, bayan masu rusau sun gama sauke tsohon ginin ofisoshin da ke wurin, ba abin da ya rage sai daɓen kankare na ɗakin ƙarƙashin ƙasa da bangayensa. Filin yana cikin tsohon gari, wato yankin da ganuwar Rumawa ta kewaye, a gefen kwarin Walbrook, rafin da ya ratsa tsakiyar Londinium, wato Landan ta zamanin Rumawa, kafin a binne shi a ƙarƙashin tituna. Aikina shi ne harsashin sabon ginin: inda za a huda ƙasa a zuba turakun kankare, da kaurinsu, da zurfin da za su kai cikin yumɓun da Landan ke zaune a kai. Sai dai takardar izinin ginin ta zo da sharaɗi, cewa ba za a huda ramin turke ko ɗaya ba sai masu tonon tarihi sun duba abin da ke ƙasa, kuma hukumar tsara gari ta amince da yadda za a kare shi.

Wannan sharaɗi yana da asali. A 1989 an yi ta kai ruwa rana a kan wurare biyu da aka tono a filayen gini, wato gidan wankan Rumawa na Huggin Hill da gidan wasan kwaikwayo na Rose, domin an riga an ba da izinin gini kafin a san girman abin da ke ƙasa. A watan Nuwamba na 1990 gwamnati ta fitar da ƙa'idar da aka sani da PPG16, wadda ta kafa abu biyu: mai gini shi ke biyan kuɗin bincike, kuma barin kayan tarihi masu muhimmanci a inda suke ya fi tono su. An sauya takardar a 2010, aka sake sauya ta a 2012, amma waɗannan abubuwa biyu suna nan, kuma a kansu zan yi aikin makonnin da ke tafe.

Alhamis, 6 ga Maris

Ana fasa daɓen kankare. Aikin yana tafiyar hawainiya, saboda a wannan yanki ana dakatar da aiki mai ƙara daga ƙarfe 10 zuwa 12 na rana, da kuma daga 2 zuwa 4, don kada a hana ma'aikatan ofisoshin maƙwabta sakat. An cire bokiti mai haƙora daga katafila an sa mai sulɓin baki, kuma direban ba ya sauke shi sai ɗaya daga cikin masu tonon yana tsaye yana kallo.

Laraba, 12 ga Maris

A ɓangaren gabas, waɗanda suka yi ginin da aka rushe sun riga sun kwashe kome har zuwa tsakuwar asali, babu abin da ya saura. A ɓangaren yamma kuwa, inda ƙasa ta gangara zuwa kwarin, ɗakin ƙasan bai yi zurfi ba, saboda haka abin da ke ƙarƙashinsa ya tsira. Da farko an tarar da baƙar ƙasa mai kauri, irin wadda ta lulluɓe gine-ginen Rumawa a wurare da yawa na birnin bayan an daina zama a cikinsu. Da yammacin jiya cokalin wata ma'aikaciya ya goge saman dutse, yau kuma bango ya fito fili, tsawonsa ya kai mita tara kafin ya shige ƙarƙashin iyakar filin.

Na sauka na dube shi da kyau. Duwatsu ne masu ruwan toka, irin waɗanda Rumawa suka riƙa ɗaukowa daga yankin Kent ta jirgin ruwa, har a 1962 aka tono wani jirginsu a Blackfriars da irin wannan dutse a cikinsa. An jera su a cikin kwaɓin farar ƙasa, sannan aka ratsa su da layi biyu na jan tubali mai faɗi, wanda ke daidaita ginin yana kuma ɗaure shi. Magini ko na yau ne ya ga wannan bango zai gane hannun ɗan'uwansa. A gefensa na arewa akwai daɓe mai ruwan hoda, wanda aka kwaɓa da farar ƙasa da dakakken tubali, yana nan da ƙarfinsa har ana iya ganin inda ya ɗan lotsa kusa da bakin ƙofa.

Masu tonon ba sa ɗaga kome sai sun rubuta shi. Kowane shimfiɗin ƙasa, kowane rami, kowane bango yana da lambarsa da takardarsa da zanensa, kuma suna cirewa ne daga na baya-bayan nan zuwa mafi daɗewa. Ɗan kwangila yana ganin ɓata lokaci ne, ni kuwa ina ganin dole ne, tunda abin da aka tono ba ya komawa yadda yake, takardar nan ce kaɗai za ta rage.

Juma'a, 14 ga Maris

An auna bangon da daɓen, na ɗora su a kan zanen turakuna. Tara daga cikin turaku 64 suna faɗawa a kansu ko kusa da su ƙwarai.

Talata, 18 ga Maris

Taro na yini guda, da wakilin masu ginin, da mai zanen gini, da shugabar masu tonon, da mai ba hukuma shawara a kan kayan tarihi. Wakilin masu ginin ya kawo shawarar a tono kome, a rubuta, a ɗaga bangon dutse bayan dutse, a ajiye shi har a samu inda za a sake jera shi. Shugabar masu tonon ba ta yi doguwar magana ba, ta dai tuna masa da ɗakin bautar Mithras, wani abin bautar Rumawa, ɗakin da ke 'yan mintuna kaɗan daga inda muke zaune.

Labarin ya cancanci a rubuta shi a nan. A 1954 masu tonon tarihi W. F. Grimes da Audrey Williams suna tono a wani fili da bama-baman yaƙin duniya na biyu suka share, aka tarar da ginin da aka yi wajen shekara ta 240 miladiyya. A ranar 18 ga Satumba, ranar da ya kamata a rufe aikin, aka tono kan gunkin Mithras na marmara, sai jama'a suka yi ta tururuwa dubbai suna layi don su gani, har maganar ta kai majalisar ministoci. Duk da haka ba a bar shi a wurinsa ba. An wargaza shi, aka jibge duwatsun, sai a 1962 aka sake jera su a gefen titi, nesa da mazauninsu, a bisa tudu maimakon ƙarƙashin ƙasa, kuma Grimes da kansa bai yarda da abin da aka jera ba. Sai da kamfanin Bloomberg ya sayi filin aka mayar da shi kusa da wurinsa na asali, mita bakwai ƙasa da titi, aka buɗe shi ga jama'a a 2017. An yi fiye da shekara sittin ana gyaran hukuncin da aka yanke cikin 'yan makonni.

Aka tsaya a kan cewa bango da daɓe za su zauna inda suke, ni kuma in nemo wa turakun wani wuri. Mai ba da shawarar ya ambaci ma'aunin da birnin York ya daɗe yana aiki da shi, cewa harsashi kada ya lalata fiye da kashi 5 cikin 100 na abin da ke ƙasa, ya ce yana so mu tsaya ƙasa da haka sosai. Na nemi mako uku.

Litinin, 24 ga Maris

Mun wayi gari da ɓarna. A makon jiya, ƙasa da matakin daɓen, ta wajen kudu, inda za a haƙa ramin lif, an tarar da magudanar ruwa ta katako, alluna huɗu da aka haɗa kamar akwati, kwance cikin baƙin taɓo. Ranar Juma'a na taɓa ta da yatsa: a ido katako ne sosai, har ana ganin saran gatari a jikinsa, amma a hannu laushinsa kamar na dafaffen rogo. Ruwa ne kaɗai ke riƙe da siffarsa. An rufe ta da jiƙaƙƙen soso da baƙar leda kafin a tashi.

Masu kula da injin jan ruwa sun bar shi yana aiki Asabar da Lahadi ba tare da na'urar da ke kashe shi idan ruwa ya sauka ba, domin suna so ramin gabas ya bushe kafin Litinin. Bututun da muke auna zurfin ruwa da shi ya nuna ya sauka da kusan santimita 70. Ga shi kuma watan nan ba a samu ruwan sama na kirki ba, rana ake yi kullum, abin da ba a saba gani ba a Maris na ƙasar nan, kuma iska ta yaye gefen ledar. Da aka buɗe da safe, allon sama ya tsage a wuri uku, gefensa ya fara nannaɗewa, launinsa ya koma toka-toka. Mai adana kayan tarihi ta durƙusa a gabansa ta daɗe ba ta ce kome ba, sannan ta ce tsagin ba zai koma ba, abin da za a iya yi shi ne a hana shi ƙaruwa.

Abin da ya sa wannan ya dame ni ƙwarai shi ne, darajar kwarin Walbrook duk a jiƙarsa take. Taɓon da ya cika da ruwa ba ya barin iska ta shiga, idan kuwa babu iska, ƙwayoyin da ke cin itace da fata ba sa iya aikinsu. Shi ya sa a filin Bloomberg aka samu alluna 405 na katako waɗanda Rumawa ke shafa wa kakin zuma su yi rubutu, kakin ya tafi amma tsinin alƙalamin ya bar zane a jikin itacen, har masanin rubutun Rumawa Roger Tomlin ya karanta fiye da tamanin daga cikinsu. Ɗaya yana ɗauke da kwanan wata na 8 ga Janairu, shekara ta 57 miladiyya, kuma takardar amincewa da bashi ce. A wani fili da ke titin Poultry kuma, zoben shekaru na jikin katakon wata magudana ya nuna an sare itacen a wajen shekara ta 47, wanda yana cikin hujjojin da ake kafawa da su a kan lokacin da aka kafa garin. Injin jan ruwa na iya lalata irin wannan a faɗin fili guda cikin kwana biyu, ba tare da kowa ya taɓa shi da shebur ba, kuma ɓarnar ba ta tsaya a iyakar filinmu, tunda ruwan ƙasa bai san katangar maƙwabci ba.

Mun kashe injin, muka mayar da ruwa ta tiyo mai ƙananan huji, aka kafa rumfar tamfol a kan ramin. Daga yau makullin injin yana hannuna, kuma ba za a kunna shi ba sai an rubuta awon ruwa.

Alhamis, 27 ga Maris

Ruwa ya dawo kusa da inda yake. Lissafin abin da ɓarnar ta jawo: hayar rumfa da tiyo da tankin ruwa fam 2,300, sababbin bututun awo guda huɗu masu aiko da saƙo ta waya fam 5,800, sai ƙarin kwanakin mai adana kaya. Babban kuɗin yana wajen injin huda turaku, wanda aka riga aka yi alkawarin zuwansa ranar 7 ga Afrilu, yanzu kuwa dole a ɗaga, kuma masu shi suna neman diyyar jiran. Ana azumi, saboda haka nakan gama zagayen filin da safe, in bar aikin zane zuwa bayan la'asar.

Laraba, 2 ga Afrilu

Na dawo daga hutun sallah na tarar an ɗaga magudanar, tunda ramin lif ba ya matsuwa. An yanka ta gida uku, aka naɗe kowane yanki a jiƙe, aka ɗora a kan faranti mai ƙarfi. Za a jiƙa ta watanni a cikin wani sinadari mai kama da kaki wanda ke maye gurbin ruwan, sannan a busar da ita cikin sanyi. An yanki ɗan guntu don ƙidayar zoben shekaru.

A ƙasanta kuma, a gefen ramin, ga wani jan layi mai kaurin tafin hannu, na ƙonannen yumɓu da gawayi. Masu tonon suna kyautata zaton gobarar Boudica ce, sarauniyar ƙabilar Iceni wadda ta ƙona Londinium a shekara ta 60 ko 61, amma ba su yanke ba, domin garin ya sake yin babbar gobara a zamanin sarki Hadrian, kuma tsingaron da ke cikin layin ne zai raba gardama. Sun samu gutsattsarin jan kasko mai sheƙi, irin wanda ake kawowa daga Gaul, wato Faransa ta yau, ɗaya da hatimin magininsa a gindi. An kuma ciro tafin takalmin fata, ƙarami, na yaro, da ƙusoshinsa a jere.

Talata, 8 ga Afrilu

Dabarar da na fi sa rai a kanta ita ce a sake amfani da turakun tsohon ginin, domin ramin da aka riga aka huda ba ya ƙara ɓarna. Mun samo tsohon zanen, muka tono kawunan turaku goma sha biyu a ɓangaren yamma don gwaji. Sakamakon bai yi daɗi ba. Uku ba su kasance inda zanen ya nuna ba, ɗaya ya kauce da fiye da rabin mita. Gwajin bugun guduma, wanda ke auna yadda amo ke sauka ya dawo, ya nuna biyu sun tsuke a tsakiya, ɗaya kuma bai kai zurfin da aka rubuta ba. Kamfanin inshora ba zai karɓi turken da ba a tabbatar da shi ba, kuma a nan ban ga laifinsu ba.

Shida ne suka tsallake. Da su, da sababbin turaku huɗu masu kauri a wuraren da ramukan ƙarnonin baya suka riga suka cinye shimfiɗin Rumawa, zan iya ɗora katuwar gadar kankare da za ta tsallake bangon da daɓen gaba ɗaya, nauyin ginin ya sauka a gefe da gefe. Gadar za ta ci rodi mai yawa, kuma za ta rage tsayin ɗakin ƙasa da santimita 60, wanda ke nufin mai zanen gini zai nemo wa tankunan ruwa wani wuri.

Juma'a, 11 ga Afrilu

An miƙa sabon zane. Ɓarnar da harsashin zai yi ta sauko ƙasa da kashi 2 cikin 100. Awon ruwa bai motsa ba.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Hukuma ta amince da zanen. Abin da ya rage a taron yau shi ne ko za a bar bangon a buɗe jama'a su riƙa gani. Mai zanen gini yana so, kuma ya kawo misalin 85 Gracechurch Street, inda a watan Fabrairun bana aka sanar da gano harsashin babban zauren shari'a da mulki na farko na Londinium, aka kuma sauya tsarin ginin don a nuna shi. Ya ambaci filin wasan Rumawa da aka gano a Guildhall a 1988, wanda yanzu ake shiga a gani a ƙarƙashin gidan zane-zane.

Ban goyi bayansa ba, ko da yake raina yana so. Waɗancan manyan gine-ginen hukuma ne, namu kuwa bangon gida ne ko na shago, kuma yana zaune a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Bangon da aka buɗe yana bukatar a daidaita masa danshi da zafi muddin ginin yana tsaye, in ba haka ba gishiri ya fito a jikinsa, kwaɓin da ke tsakanin duwatsun ya riƙa zubewa. Kafin a nuna shi kuma sai an busar da kewayensa, wato a sadaukar da katako da fatun da ke ƙasa, waɗanda ba mu ma gani ba, saboda dutsen da ke sama. Aka yarda a binne, a kuma zana layin bangon a daɓen zauren shiga da dutse mai wani launi, tare da allon bayani.

Laraba, 23 ga Afrilu

An fara binnewa, bisa tsarin da ya samo asali daga abin da aka yi wa gidan wasan Rose a 1989. An ɗauki hoton kowane dutse ta kowace fuska don a haɗa siffarsa a kwamfuta, aka cike ramuka da hannu, sannan aka shimfiɗa wani yadi mai barin ruwa ya wuce amma yana raba tsohuwar ƙasa da sabuwa. A kansa za a zuba yashi wankakke, bokiti-bokiti, ba da katafila ba.

Talata, 29 ga Afrilu

Mota biyu ta yashi ta iso da sassafe, leburori har sun fara cika baro. Mai adana kayan ta ɗebi tafi guda ta murza, ta ga ɓaraguzan bawon kifin teku a ciki, ta sa aka tsaya. Yashin teku ne, ba na ma'adinai da muka yi oda ba. Irin wannan yana iya zuwa da gishiri, gishirin kuwa idan ya shiga kwaɓin farar ƙasa da tubali yakan daskare a cikin ƙofofinsu ya farfasa su a hankali, kuma da an rufe da kankare ba wanda zai sani sai bayan shekaru. Masu kawo kayan sun ce yashi ai yashi ne, muka nuna musu takardar oda, suka kwashe. An tattare ɗan abin da aka riga aka zuba a kusurwar arewa, aka sauya yadin wurin. Yashin da ya dace ya ninka wancan tsada, kuma ba zai iso ba sai Juma'a.

Talata, 6 ga Mayu

Yashi ya kai kaurin santimita 30 a kan kome, da bututun awo biyu a cikinsa, sai leda, sai siririn kankare mara ƙarfi wanda za a iya fasawa da hannu idan wata rana aka so buɗewa. A samansa aka shimfiɗa dakakken dutse mai kauri don ya raba nauyin injin huda. Na shata wurin da jan fenti, kuma an faɗa wa direban cewa ko juyawa ba zai yi a kai ba.

Na kuma hana wani abu da aka saba yi. Kafin a huda turke, yawanci ana sa katafila ta tona wurin ta fidda duk abin da zai tare bakin injin, kuma wannan tonon ya kan lalata fili ninkin-ba-ninkin abin da turken kansa zai ci. A wuraren turaku huɗun nan masu tonon tarihi ne suka sauka da hannu har zuwa tsakuwar asali, suka rubuta abin da suka gani, sannan aka saka bututun ƙarfe aka cike. Injin zai bi ta cikin bututun ne kawai.

Litinin, 12 ga Mayu

An zuba turaku biyu daga cikin huɗun, kankaren da ya shiga kowanne bai wuce lissafi ba, alamar bai tsiyaye cikin taɓon gefe ba. Ruwa ya ɗan motsa da santimita 4 a lokacin hudar, ya koma kafin magariba. Jinkirin aikin gaba ɗaya ya tsaya a mako biyar, ƙarin kuɗin harsashi kuma ana kan lissafinsa, mafi yawansa na rodin gadar ne da diyyar injin.

Sauran turaku biyu za a yi su Laraba da Alhamis, sannan a ɗaure rodin gadar a mako mai zuwa. Zan rubuta takardar da za ta shiga kundin ginin, mai nuna ainihin inda bangon yake da zurfinsa da abin da aka rufe shi da shi, don injiniyan da zai zo gyara ko rusau nan gaba ya same ta. Ina kuma neman masu ginin su sa hannu a kan ci gaba da karanta awon ruwa na shekara biyar bayan an gama, tare da bayanin matakin da za a ɗauka idan ya sauka ƙasa da saman taɓon, kuma har yanzu ba su amsa wannan ba. Sakamakon zoben katakon magudanar ana sa ran zuwansa a watan Yuni.